Falle na Uku

Wako, 9 ga Maris

Zuwa ga Baffa Tokuji,

Ina gaishe ka da Inna Fusae, gaisuwar wadda ta daɗe ba ta gaisa ba kuma ta san laifinta. Ina fatan sanyin Kanazawa ya fara sakin ku, gwiwar Inna kuma da na ji labari ta yi sauƙi. Ni ce Mizuho, 'yar Shinzo ɗan ƙanen mahaifinka. Rabonmu da haɗuwa tun taron tunawa da Kaka, shekara goma sha huɗu ke nan. Ni ce yarinyar da ta yi atishawa a ɗakin aikinka fallen zinariya ashirin suka tashi sama. Ƙofa kawai ka buɗe mini. Babana yana nan lafiya, sai hawan jini. Shi ya ce kada in buga waya, wai gudumar dakan zinariya ta cinye maka kunne, gara in rubuto.

Aiki nake a wata cibiyar bincike a nan. A tsakiyar kowace ƙwayar zarra akwai ɗan ƙwallo, shi muke nazari. Wanda nake bi ba a samunsa a ƙasa ko a ruwa, inji ne yake ƙera shi. An cusa masa ƙananan ƙwayoyin da ake kira nutron fiye da abin da zai iya riƙewa, don haka ko ƙiftawar ido ba ya kaiwa yake wargajewa. Abin da nake son sani kafin ya wargaje shi ne siffarsa, a mulmule yake ko ya miƙe kamar ƙwai. Manyanmu sun ce a mulmule. Ni ban yarda ba. Yadda ake ganewa, inji yana feso ƙwallayen su ratsa fallen zinariya. Wanda ya gifta kusa da ƙwallon zinariya sai ya girgiza ya saki ɗan haske, daga hasken muke karanta siffar.

Shekara uku ina neman a ba ni injin. Yanzu an ba ni kwana shida a watan Oktoba. In suka wuce ban samu komai ba, kwangilata za ta ƙare a Maris mai zuwa, kuma ba na jin za a sabunta.

Fallen ne matsalata. Na masana'anta da muka saya, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, in haka ne kuwa hasken dagulewa yake. Ina son zinariya zalla, ba azurfa ba tagulla, kaurinta kamar falle goma irin naka a haɗe, faɗin yatsa uku, kuma ko'ina daidai. Zinariyar tana cikin ɗan akwatin da ya zo da wasiƙar nan. Na san aikowa tun ba ka amsa ba rashin kunya ne, amma na kasa zama. Tun da aka kafe jadawalin nake zagaye ginin nan kamar mai neman abin da ya faɗi.

'Yarka,
Mizuho

Kanazawa, 16 ga Yuni

Mizuho,

Wasiƙarki ta zo tun ƙanƙara ba ta gama narkewa a bayan gida ba. Muna nan. Gwiwar innarki tana yadda take, bakinta kuwa ya fi da lafiya. Ni kunne ne, kuma ba ni yake damu ba, masu yi mini magana yake damu. Ki gai da ubanki, ki ce ya rage gishiri.

Na tuna ki. Falle ashirin da uku ne, ba ashirin ba.

Da farko niyyata in mayar miki da akwatinki. Ubanki ya bar ɗakin nan yana da shekara ashirin da biyu, ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana riƙe numfashi a kan abin da iska ke ɗauka ba. Ya tafi kamfanin jirgin ƙasa ya bar ni da tsohona da guduma biyu. Yau kuma 'yarsa ta aiko neman abin da ya raina. Sau uku ina ɗaure akwatin, sau uku Fusae tana kwancewa. A na ukun ta ce, "Tsoho, in ba za ka iya ba ka ce ba za ka iya ba, ka daina ɓata mini igiya."

Sauran jinkirin kuma ba fushi ba ne. Zinariya zalla shagwaɓaɓɓiya ce, in iska ta bushe sai ta manne wa takardar da muke sawa tsakanin falle da falle, ka zo ɗagawa ta yage. Dole na jira damina. Mako biyu ke nan ana ruwa, bango yana gumi, kayan wanki ba sa bushewa, innarki tana mita, zinariya kuwa ta kwanta.

Ga falle uku nan, na sa wa kowane lamba a takardarsa. Ki gwada da abin gwajinku. Kada ki taɓa da hannu, akwai hantsakin gora a ciki. Kada ki yi atishawa.

Abu ɗaya nake son sani. Namu da shi ake lulluɓe akwatin tunawa da magabata a gidaje, ya yi shekara ɗari yana nan. Naki in kun gama harbinsa me yake zama? Ki faɗa mini gaskiya.

Tokuji

Wako, 24 ga Yuni

Baffa,

Ina fatan kuna lafiya kai da Inna. A tsaye nake rubuta wannan, kada mai ɗaukar wasiƙu ya wuce.

Na riga na fid da rai, sai ga akwatin. Na auna kowane falle a wuri ashirin da biyar. Na ɗaya da na biyu suna da tudu da kwari, kamar damin takardun da ake dakawa ya riƙa karkata a ƙarƙashin guduma, ba za su yi ba. Na uku kuwa sau uku ina sake aunawa, har na kira Farfesa Hasumi, shugaban ƙungiyarmu, ya duba ko na'urar ce ta lalace. Ko'ina daidai. Baffa, ban yarda hannunka ne ya yi wannan ba.

Ina bukatar guda shida irin na ukun kafin ƙarshen Satumba. Akwai sauran zinariya a wurinka, in ba ta isa ba ka faɗa.

Tambayarka: bayan kwana shida fallen zai ɗauki ɗan tururin da bai kamata a zauna kusa da shi ba. Akwatin darma ake rufe shi a ciki a ajiye a sito. Ba ya komawa kan komai.

Mizuho

Wako, 5 ga Agusta

Baffa,

Gaisuwa da fatan zafin nan bai takura muku ba. A nan ko tagar ofis ba ta taɓuwa da rana. Ni lafiyata lau, abinci ne dai ba ya shiga.

Mako shida ke nan ban ji daga gare ka ba. Sau biyu na saɓa maganar Babana na buga waya. Inna ce ta ɗauka, ta ce ka fita bakin kogi, ta ce tana da tukunya a wuta, ta ajiye. Na kira Babana na gaya masa, ya yi dariya ya ce haka kake, ka taɓa yin shekara biyu ba ka yi masa magana ba a kan wuƙar yankan takarda. Ni ba ni da shekara biyu, Baffa, mako bakwai gare ni.

Na yi ta juya wasiƙata ta baya a raina ina neman inda na yi kuskure. Ina jin maganar akwatin darma ce. Ka tambaye ni da gaske, ni kuma na amsa maka a guje kamar mai cika fam. Ka yi shekara hamsin kana yin abin da jikoki za su zauna a gabansa, ni kuma na ce maka naka a sito za a kulle shi. Ka yi haƙuri. In wannan ne, zan nemi izini a dawo maka da ɗaya bayan tururin ya huce, ko da zai ɗauki shekaru.

Jiya Farfesa Hasumi ya same ni ina sake auna na ukun, ban san ko karo na nawa ba. Ya kira ni da sunan gidanmu ya ce, "Torigoe, baffan nan naki rashin lafiya yake ko fushi? In fushi ne ki yanki tikiti ki je ki durƙusa." Da na samu hali da na zo. Amma muna tsakiyar haɗa na'urorin kama haske, guda ɗari da tamanin, kowace da wayarta, kuma ni kaɗai na san inda kowace waya ta nufa. Falle ɗaya ba zai kai ni ba, in ya yage wajen ɗaurawa shi ke nan. Farfesa ya ba ni zuwa ƙarshen wata, in ba labari mu koma na masana'anta.

Ko kalma ɗaya ce ka rubuto. Ko a'a ce.

'Yarka,
Mizuho

Kanazawa, 19 ga Agusta

'Yata Mizuho,

Innarki ce Fusae. Ki yi haƙuri da rubutun, rabona da wasiƙa tun ina budurwa. Gwiwa tana nan, ita ce agogona na ruwan sama. Ki ci abinci, na ji muryarki a waya kamar ta kyanwar da aka manta a ɗaki. Ba wata tukunya a wuta a ranakun nan, baffanki ne yake tsaye a kaina.

Ba maganar akwatin darma ba ce. Bari in gaya miki abin da ko 'ya'yanmu ba su sani ba.

Shekara biyu ke nan hannunsa na dama yana rawa. Kin san yadda aikin yake, gudumar inji tana sauka, mutum yana juya damin takarda a ƙarƙashinta da hannu biyu. Wata safiya damin ya kuɓuce, gudumar ta ɗauke masa farcen babban yatsa. Na ɗaure masa. Shekara arba'in da ɗaya ina gefen injin nan ina yanka abin da ya daka ina jerawa, na san karar kowane bugu. Na ce ya matsa. Tun daga ranar ni nake riƙe damin. In na buɗe sai ya ɗaga fallen ga hasken taga ya ce mini nan ya yi kauri, nan ki sassauta. Idonsa har yanzu babu irinsa a unguwar nan. Ƙofa a rufe muke aiki. Masu saye su zo su yaba hannun Tokuji, ni in kawo shayi.

Da naki ya zo sai ya ce wannan shi kaɗai zai yi, 'yar Shinzo ce, ba zai aika mata aikin mace da sunansa ba. Na ƙyale shi. Ya yi biyu, gumi har gwiwar hannu. Na ce mu ƙara ɗaya yadda muka saba, don akwatin ya cika. Shi ne na ukun.

Ranar da wasiƙarki ta zo ya karanta har inda kika ce ba ki yarda hannunsa ba ne, ya ninke, ya ce, "Injinsu ya gani." Ya ɗauko zane ya rufe gudumar. Ni na san nufinki, yabo ne irin naku na yaran yanzu da ba ku san inda magana take sauka ba. Na gaya masa haka, ya cire abin jinsa daga kunne ya sa a aljihu.

Tun lokacin bai zauna ba. Safe da yamma yana bakin kogi. Ya aske itacen da ke tsakar gida har ya koma kamar tsintsiya. Ya wanke hantsakai, ya sake wankewa. Ni kuma ba zan iya yi miki ni kaɗai ba, hannu gare ni, idon nasa ne.

Ki rubuto masa. Kada ki lallashe shi, yana jin warin lallashi daga nesa. Na gaya masa zan faɗa miki komai, ya ce in na faɗa zai bar gidan. Ga shi can a baranda yana jiran abincin rana.

Innarki,
Fusae

Wako, 22 ga Agusta

Baffa da Inna,

Ina gaishe ku tare, tunda tare ya kamata in gaishe ku tun farko. Na ci abinci, Inna.

Baffa, na'urata ba ta ganin hannu, kauri kawai take gani. Abin da na rubuta mamaki ne ya fito mini a karkace. Nufina ban taɓa zaton hannun ɗan adam zai iya haka ba. Da na san inda zai same ka da na cinye takardar. Ka yafe mini.

Amma yanzu na sani, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Na ɗaya da na biyu ba su yi ba, ba zan janye wannan ba, kai ma ka san haka tun kafin ka aiko. Na uku ya fi duk wani falle da na taɓa aunawa, har da waɗanda aka kawo mana daga ƙasar waje. Farfesa ya tambaye ni wane inji ne ya yi, na ce ban sani ba. Yanzu na san mutum biyu ne da taga.

Na roƙi Farfesa ya ƙara mini lokaci, ya ba ni zuwa ashirin da takwas ga Satumba, ranar da za a rufe akwatin gwajin a zuƙe iskar ciki. Bayan nan ba abin da zai shiga. Ina roƙonku ku biyu.

'Yarku,
Mizuho

Kanazawa, 21 ga Satumba

Mizuho,

Muna lafiya. An yi ruwa kwana tara, mun gode wa sama.

Innarki tana da bakin da bai san sirri ba, na gaya mata haka. Ta ce ta ji, in ɗauke zanen daga kan gudumar.

Guda biyar ne a akwatin, ba shida ba. Na shidan ya yi kyau ƙwarai. Ni na nace sai na ɗaga shi da kaina, ya yage a hannuna. Ta kwashe gutsuren kawai ta ajiye, wanda ya fi faɗa ciwo.

Ki auna. In akwai wanda bai yi ba ki faɗa yadda kika saba, kai tsaye. Na fi ganewa.

Tokuji

Wako, 23 ga Oktoba

Baffa da Inna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan guguwar nan ba ta taɓa muku rufi ba. Ku yi haƙuri da shirun wata guda, yanzu ni ce mai laifin.

Duka biyar ɗin sun yi. Ɗaya ya yage wajen ɗaurawa, a hannuna, don haka Baffa ba kai kaɗai ba ne. Huɗu suka shiga.

Ranar da za mu fara guguwa ta iso, aka kashe injin don tsaro. Kwana biyu daga cikin shidana suka tafi ina tsaye a taga ina kallon bishiyoyi suna sunkuyawa. Na share teburina sau huɗu. Da aka kunna, ƙwallayen suka fara zuwa, amma wanda zai girgiza ya ba da haske sai a yi awa ba a samu biyu ba. Kowane ɗaya ɗigo ne a allo. In ƙwallon a mulmule yake, ɗigon can dama za su taru, in ya miƙe kuwa nan hagu. Kwana biyu suna warwatse, ba su ce komai ba. Farfesa ya daina kallon allon ya koma kallona.

Safiyar rana ta uku na je wanke fuska na dawo na tarar da mutum bakwai tsaye a gaban allon. Wani ɗan tudu ya fara tashi a hagu, siriri, tsaf, ba dagulewa. Da aka kashe injin ranar ƙarshe ɗigo sittin da uku ne a cikinsa. A miƙe yake, Baffa, kamar ƙwai. Farfesa, wanda ya yi shekara ashirin yana koyar da cewa a mulmule yake, ya cire tabarau ya goge ya ce, "To, Torigoe, kin ɓata mini littafi." Ya kai mu duka cin taliya. Ya ce da fallen masana'anta ne da tudun ya baje, da kwana huɗu ba su isa ba. Ya rubuta takardar neman a ƙara mini shekara biyu, ba a amsa ba tukuna, har yanzu ina leƙa akwatin saƙo sau goma a rana.

Yanzu muna rubuta rahoton da za a buga. A ƙarshensa akwai layin da ake gode wa waɗanda suka yi aikin da hannunsu, kuma duk wanda ya karanta a ko'ina zai gani. Ba na son in sake yin kuskure. Me zan rubuta? In kuna son a bar shi a gidan Torigoe na Kanazawa kawai, haka zan yi.

'Yarku,
Mizuho

Kanazawa, 4 ga Nuwamba

Mizuho,

Rufi yana nan, tayil biyu kawai suka tafi. Muna lafiya. Na karanta wasiƙarki sau uku, na ukun da ƙarfi, don innarki ta ce tabarau ɗinta sun ɓata, alhali suna kan goshinta. Ban gane hagu da damanku ba, amma na gane kin ci.

Kwana goma ina juya tambayarki a bakin kogi. Shekaranjiya Kuroshima ya zo, dillalin da yake sayen fallenmu tun zamanin mahaifina. Fusae tana kan guduma. Na ji ƙararrawar ƙofa, na tashi zan rufe ɗakin aiki kamar kullum, na kama ƙofar, sai na sake ta. Ya shigo ya tsaya da hularsa a hannu. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce mini tun yaushe. Fusae ta kashe injin ta ce, "Shekara biyu kana yabon hannun da yake zuba maka shayi, Kuroshima. Zauna, yau tsoho ne zai dafa." Na dafa. Rabinsa ya zube a faranti. Ya sha, ya ɗauki kayansa kamar kullum, ya ce zai dawo wata mai zuwa. Zuwa yanzu duk unguwa ta ji, kuma ban mutu ba.

Ki rubuta Torigoe Fusae. Sunanta kaɗai, nawa yana kan allon ƙofa tun kafin a haife ki, ya isa.

Ta ce in an buga ki aiko mata, ko da ba ta jin yaren. Ta riga ta samar masa wuri a bangon ɗakin aiki. Takardar yabon da ƙungiyar masu sana'a ta ba ni ta sauke, kuma ni ta sa na riƙe mata kujera.

Baffanki,
Tokuji